Yadda Abubuwa Ke Shiga da Fita ta Tantanin Ƙwayar Halitta

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da annobar amai da gudawa ta ɓulla a ƙasar nan, shawarar farko da ma'aikatan lafiya kan bayar ita ce a riƙa bai wa majiyyaci ruwan gishiri da sukari. Mutane da yawa sun san wannan haɗi, amma kaɗan ne za su iya faɗin dalilin da ya sa sai an haɗa abubuwan biyu, da kuma dalilin da ya sa idan aka cika sukari cutar kan tsananta. Amsar tana ƙunshe a cikin wani fanni na ilimin halittu, watau nazarin yadda abubuwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana hanyoyin wannan shige da fice ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a nuna yadda saninsu ya zama sanadin ceton rayuka.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku. Ƙwayar halitta ita ce tubali mafi ƙanƙanta da aka gina jikin mai rai da shi, kuma an ƙiyasta akwai kimanin tiriliyan 30 a jikin baligi. Tantani shi ne siririyar fatar da ta lulluɓe kowace ƙwaya. Zarra kuwa za mu yi amfani da ita a madadin ƙaramin ɓarɓashin kowane sinadari, alal misali zarrar ruwa ko zarrar sukari.

2.0 Ƙirar Tantani

Ana iya kwatanta ƙwayar halitta da birni mai ganuwa, kamar Kano ko Katsina ko Zariya a zamanin da. Ganuwa takan raba ciki da waje, amma dole ne a bar ƙofofi domin hatsi da itace su shigo, shara kuma ta fita, kuma kowace ƙofa da sarkinta mai lura da masu wucewa. Sai dai kwatancin yana da iyaka, domin ganuwa ƙasa ce busasshiya, alhali tantani ruwa-ruwa ne kamar mai, kuma ƙofofinsa yawo suke yi a cikinsa.

An daɗe ana bincike kafin a gane haka. A shekarar 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon wani itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere, amma bangon matattun ƙwayoyi kawai ya gani. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 Ernest Overton ya lura cewa abubuwan da ke narkewa a cikin mai sun fi saurin shiga ƙwayar halitta, don haka ya ce lalle tantani dangin mai ne. A 1925 Gorter da Grendel na ƙasar Holand suka tatso man da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga ya rufe fili kimanin ninki biyu na faɗin bayan ƙwayoyin. Daga nan suka yanke hukunci cewa tantani ruɓi biyu ne. A 1972 kuma Singer da Nicolson na Amurka suka kawo bayanin da har yanzu shi ne tushen fahimtar masana, watau shimfiɗar mai ce ruɓi biyu wadda aka dasa wa furotin iri-iri.

Kowace zarra ta wannan mai tana da kai mai son ruwa da jela biyu masu ƙin ruwa. Da yake akwai ruwa a ciki da wajen ƙwaya, sai kawunan su fuskanci ruwan ta ɓangarorin biyu, jelolin kuma su ɓuya a tsakiya. Kaurin tantanin bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sai an jera fiye da 10,000 a kan juna kafin su kai kaurin takarda guda. Wannan tsakiya mai maiƙo ita ce shingen. Abin da yake ƙarami kuma yake jituwa da mai yakan ratsa ta, amma gishiri da sukari da sauran abubuwan da ke narkewa a ruwa sai sun nemi ƙofa.

3.0 Hanyoyin da Ba Su Cin Ƙarfi

3.1 Bazuwa

Idan aka kunna turaren wuta a lungun ɗaki, ba da jimawa ba ƙamshi zai kai ko'ina. Haka nan idan aka jefa zoɓo a ƙwaryar ruwa aka bar ta ba a motsa ba, jan zai yi ta yaɗuwa har ruwan ya zama launi ɗaya. Dalili shi ne kowace zarra a cikin iska ko ruwa ba ta daina motsi, tana ta karo da 'yan'uwanta ba tare da ta nufi ko'ina ba. Da yake sun fi yawa a wuri ɗaya, waɗanda ke barin wurin sun fi masu komawa yawa, har a kai ga daidaito. Wannan shi ne bazuwa, watau tafiyar abu daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Adolf Fick na Jamus ne ya tsara ƙa'idarta ta lissafi a 1855.

Ta wannan hanya iskar oksijin ke shiga jini a cikin huhu, domin ta fi yawa a iskar da aka shaƙa a kan jinin da ya dawo daga jiki. Gurɓatacciyar iskar da ake kira kabon dayoksaid kuma takan bi akasin haka ta fita. Barasa da magungunan sa barci na tiyata su ma haka suke ratsa tantani, shi ya sa suke saurin isa ƙwaƙwalwa.

Abubuwa huɗu ne ke ƙara saurin bazuwa: girman bambanci tsakanin ɓangarorin biyu, da zafi, da faɗin fili, da gajartar tazara. Batun tazara yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan ta ninka sau biyu, lokacin tafiya yakan ninka sau huɗu. Oksijin kan ratsa ƙwaya guda kafin ƙiftawar ido, amma sai ta ɗauki sa'o'i kafin ta ratsa santimita ɗaya na ruwa. Wannan ne ya sa ƙwayoyin halitta suke ƙanana, kuma shi ya sa babban jiki yake bukatar zuciya da hanyoyin jini domin su kai kaya har bakin ƙofar kowace ƙwaya.

3.2 Ratsawar Ruwa

Shi ma ruwa yana bazuwa, amma tasa tana da suna na musamman, watau ozmosis. A 1748 wani malamin coci Bafaranshe mai suna Nollet ya zuba barasa a kwalba, ya ɗaure bakinta da mafitsarar alade, ya nutsa ta a ruwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ya tarar mafitsarar ta kumbura, domin ruwa ya shiga fiye da yadda barasa ta fita. Ƙa'idar ita ce, idan tantani yana barin ruwa ya wuce amma yana hana abin da aka narka a ciki, to ruwa zai bar ɓangaren da ya fi tsarwa ya koma ɓangaren da ya fi kauri. A taƙaice, ruwa bin gishiri da sukari yake yi.

Misalan wannan suna da yawa a gidajenmu da gonakinmu. Idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko yalo, za a ga ruwa yana tsattsafowa. Mai sa wa nama ko kifi gishiri domin kada ya ruɓe yana zuƙe ruwan naman ne tare da na ƙwayoyin cutar da za su ɓata shi. Zuma ma ɗaya daga cikin dalilan daɗewarta ke nan. Manomin da ya tula takin zamani a gindin ɗanyen shuka yakan ga ta yi yaushi, a ce taki ya ƙone ta, alhali ƙasar ce ta fi saiwa kauri, ruwa ya juya baya.

A jikin ɗan Adam kuwa lamarin ya fi haɗari. Idan aka sa jar ƙwayar jini a zallan ruwa, za ta kumbura ta fashe, idan kuma aka sa ta a ruwa mai gishiri da yawa, za ta yanƙwane. Saboda haka ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya yana ɗauke da giram 9 a kowace lita, domin ya yi daidai da kaurin jini. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a lita, shi ya sa mai shan sa ƙishirwa kawai yake ƙara wa kansa. Ƙwayar tsiro ba ta fashewa saboda tana da bango mai ƙarfi a bayan tantaninta, kuma cikar da ruwa ke yi mata ita ce ke miƙar da ganye.

3.3 Bazuwa ta Ƙofa

Abubuwan da ba sa iya ratsa mai suna da ƙofofin furotin iri biyu. Na farko kamar rariya yake, rami ne da ya huda tantani daga waje zuwa ciki, kuma kowane da abin da yake bari ya wuce. A 1992 Peter Agre na Jami'ar Johns Hopkins ya tabbatar da samuwar rariyar ruwa. Ya sa ƙwan kwaɗo ya ƙera wani furotin da aka samo daga jajayen ƙwayoyin jini, da aka tsoma ƙwan a ruwa mai tsarwa sai ya kumbura ya fashe, waɗanda ba su da furotin ɗin kuwa suka zauna lafiya. Rariya guda takan wuce da zarrar ruwa kimanin biliyan 3 a daƙiƙa. Da taimakon irinta ne ƙoda ke tace kimanin lita 180 ta ruwan jini a kullum, ta mayar da kusan duka, a fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari. A 1998 Roderick MacKinnon ya bayyana ƙirar rariyar sinadarin fotasiyam, kuma su biyun ne suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2003.

Iri na biyu kamar ɗan dako yake. Yakan kama zarra ta wannan gefe, ya sauya siffa, ya sake ta ta wancan gefe. Haka sukarin jini, watau gulukos, ke shiga tsoka. Bayan an ci abinci, sinadarin insulin yakan umarci ƙwayoyin tsoka da na kitse su fito da 'yan dakon da suka ajiye a ciki su dasa a tantani. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko ƙwayoyin suka daina jin umarninsa, sai sukari ya taru a jini, ga abinci a bakin ƙofa ga yunwa a cikin gida. Wannan shi ne ciwon sukari. Abin lura a nan shi ne, ko ta rariya ko ta ɗan dako, gangara kawai ake bi, daga yawa zuwa ƙaranci.

4.0 Hanyoyin da Ke Cin Ƙarfi

4.1 Famfon Sodiyam da Fotasiyam

Ruwa yakan gangara fadama da kansa, amma mai lambu da ke son ya hau da shi tudu sai ya kafa jigo ya yi gumi. Haka ƙwayar halitta take yi idan tana son ta tura abu daga inda ya yi ƙaranci zuwa inda ya riga ya yi yawa. Ƙarfin da take kashewa yana fitowa daga wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ATP, wanda take samarwa daga abinci da oksijin.

Mafi shahara a wannan aji shi ne famfon da Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957 a jijiyar ƙaguwa, abin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1997. A kowane juyi, famfon yakan fitar da zarrar sodiyam 3, ya shigo da zarrar fotasiyam 2, ya ƙone ATP guda. Sodiyam ɗaya ne daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishirin miya. Sakamakon wannan aiki, sodiyam ya fi yawa a waje da kimanin ninki 10, fotasiyam kuma ya fi yawa a ciki da kimanin ninki 30. Ko mutum yana barci, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jikinsa ke kashewa a wannan famfo yake tafiya.

Amfanin wannan wahala uku ne. Na ɗaya, yana hana ƙwaya kumbura, domin fitar da gishiri fitar da ruwa ne. Na biyu, da yake waɗannan zarra suna ɗauke da lantarki, bambancin yawansu yakan mai da tantani tamkar batir. Idan aka taɓa jijiya, rariyoyin sodiyam kan buɗe ya kwararo ciki, sa'an nan na fotasiyam su buɗe ya fita, haka saƙo zai yi ta gudu har ƙwaƙwalwa, kamar yadda Hodgkin da Huxley na Ingila suka bayyana a 1952. Na uku shi ne abin da za mu duba yanzu.

4.2 Dakon Haɗin Gwiwa

Sodiyam ɗin da aka tara a waje kamar ruwa ne da aka tare a madatsa, kullum hanyar komowa yake nema. A 1960, a wani taro a birnin Prague, Robert Crane ya kawo bayanin cewa a bangon ƙaramin hanji akwai ɗan dakon da ba ya motsawa sai ya ɗauki sodiyam da gulukos tare. Yau an san zarrar sodiyam 2 yake ɗauka da zarrar gulukos 1. Gangarowar sodiyam ce ke jan gulukos, ko da kuwa gulukos ya fi yawa a ciki. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

4.3 Haɗiya da Furzarwa

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfin kowace ƙofa saboda girmansu. Irin waɗannan, tantani ne da kansa kan lanƙwasa ya kewaye su, ya tsinke ya zama 'yar jaka a cikin ƙwaya. A 1882, a garin Messina na Italiya, Metchnikoff ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, washegari ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Daga nan aka fara fahimtar yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙwayoyin cuta. Akasin wannan shi ne furzarwa, inda jaka ke tasowa daga ciki ta manne da tantani ta zubar da kayanta waje. Ta haka insulin ke fita daga ƙwayoyin da ke ƙera shi.

5.0 Kwalara da Ruwan Gishiri da Sukari

Yanzu muna iya komawa ga tambayar da muka fara da ita. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya a 1971, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. A 2021 kaɗai an ba da rahoton mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa.

Ƙwayar cutar ba ta yaga hanji. Guba take saki, wadda ke shiga ƙwayoyin bangon hanji ta sa rariyar kulorayid, ɗaya sinadarin na gishiri, ta zauna a buɗe. Kulorayid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa kuma ya bi su duka biyun bisa ƙa'idar da muka gani a sashe na 3.2. Idan abin ya yi tsanani, baligi kan iya zubar da lita guda a sa'a ɗaya, bayan gidansa kamar ruwan wankin shinkafa, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi.

Zallan ruwa ba ya mayar da gishirin da aka rasa. Ruwan gishiri kaɗai kuma hanji ba ya shan sa yadda ya kamata, domin gubar ta toshe ɗaya daga cikin manyan hanyoyin shan sodiyam. Amma ɗan dakon nan na haɗin gwiwa gubar ba ta taɓa shi ba. Da zarar an ba shi gulukos da sodiyam tare, sai ya shigar da su, ruwa kuma ya juyo ya bi su zuwa jini. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada wannan a kan majiyyata a Dhaka, suka ga ya rage bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ƙwarai. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, ruwan ƙari ya ƙare wa wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon. Ya sa 'yan'uwan majiyyata su riƙa ba su haɗin da baki, sai mace-mace suka sauka daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002 yana ƙunshe da gishiri giram 2.6, da gulukos giram 13.5, da gishirin fotasiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Inda babu ƙunshin asibiti, akan narka shafaffen ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Kiyaye awon wajibi ne. Idan sukari ya yi yawa, abin da ke cikin hanji zai fi jini kauri, ruwa ya ƙara fitowa, gudawa ta tsananta, kuma wannan ne ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin haɗin. Gishiri mai yawa kuma yana cutar da yaro. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha, ko amai ya hana abu zama a cikinsa, sai a gaggauta kai shi asibiti a ƙara masa ruwa ta jijiya.

6.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa tantani shimfiɗar mai ce ruɓi biyu mai ɗauke da ƙofofin furotin. Mun ga hanyoyi uku da ke bin gangara ba tare da kashe ƙarfi ba, watau bazuwa da ratsawar ruwa da bazuwa ta ƙofa, da kuma wasu uku masu cin ƙarfi, watau famfo da dakon haɗin gwiwa da haɗiya tare da furzarwa. Mun kuma ga yadda kwalara ke ɓata hanya ɗaya, magani ya bi ta wata.

Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su tantani da zarra da rariya da ɗan dako, shawara ce ake gabatarwa ga malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai domin a tace su. Bukatar hakan a fili take, domin uwar da aka gaya wa awo kawai tana iya ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, amma wadda aka fahimtar da ita cikin harshenta cewa ruwa bin kauri yake yi, da wuya ta yi wannan ƙari.